Duk abin da ya sami Mma sai a ce suga ce

Assalamu alaikum Anti,

Ni 'yarki ce daga Aboabo, nan Kumasi. Mahaifiyata shekararta 58, kuma shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga. Tana shan metformin safe da yamma, da wata 'yar ƙwaya kafin karin kumallo. Ba ta wasa da ranar asibiti, ta bar lemun kwalba da shayi mai sukari tun da daɗewa. Muna da na'urar awo a gida, kuma da safe kafin ta ci komai takan nuna tsakanin 6 da 8.

Tun bayan babbar salla jikinta ya canza. Matar da ke tashi kafin kiran asuba ta dama koko ta soya ƙosan sayarwa, yanzu daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya tana haki. Ta rame har zane na kwance mata. Ga jiri, ga ciwo a saman ciki da ke hana ta cin abinci, ga tafin ƙafa yana yi mata zafi da dare. Gwiwa kam dama tsohon ciwo ne, diclofenac take saye a kemis tana sha kusan kullum.

Mun koma asibitin da take zuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sai a huda yatsa, a auna hawan jini, a ce suga ce, ta kula da abinci. Zuwan ƙarshe an ƙara mata ƙarfin ƙwayar safen, tun daga nan kuma jirin ya ƙaru. Yayana ya ce mu bar asibiti mu kai ta wajen mai maganin gargajiya. Ita kuma Mma ta ce a bar wa Allah, ba za ta zama tsohuwa mai gardama da likita ba. Anti, hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan yi su duba ta da kyau ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mma lafiya, ke kuma ya yi miki albarka da wannan tsayuwa da kika yi mata.

Hankalinki yana da dalilin ƙin kwanciya. Ciwon suga yana ramar da mutum, ba ƙarya ba ne, amma yana da hanyar da yake bi. Sai sukarin jini ya haura sosai, wajen 10 zuwa sama a irin lambar da na'urarku ke nunawa, sannan ƙoda take fara zubar da shi a fitsari, ya ja ruwan jiki su fita tare. Shi ya sa mai irin wannan ramar ba ya rabuwa da kofi da buta: ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari dare da rana. Ba ki ambaci ko ɗaya cikin biyun ba. Awon safe tsakanin 6 da 8, ga macen da ta shekara tara da ciwon, awo ne na wadda ta riƙe maganinta da hannu biyu. Gaskiya ne awon safe shi kaɗai ba ya ba da labarin yini duka. Duk da haka bai isa ya bayyana yadda macen da ke tsugune gaban kasko tun asuba ta koma haki tsakanin ɗaki da famfo ba. Akwai abin da ya kamata a nema, kuma huda yatsa ba zai nuno shi ba.

Kafin in ci gaba, ga abin da ba a jiran ranar kati dominsa. In kin ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin yana danƙo kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko ta suma, ko haki ya kama ta tana zaune ba ta yi aikin komai ba, ko gumi mai sanyi ya karyo mata tare da tashin zuciya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ki ɗauke ta zuwa sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Da gangan na sa gumi da tashin zuciya a ciki. Masu suga, musamman mata, sukan yi bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da kowa ya sani ba, domin ciwon yakan dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne wanda kika faɗa a wuce kamar ba komai ba, wato diclofenac kusan kullum. Wannan magani da 'yan uwansa, irin su ibuprofen da piroxicam da aspirin, suna cin bangon ciki. Wanda ya yi wata da watanni yana shan su, ga shekaru sun ja, ga cin abinci ya ragu, yana iya samun gyambon ciki da ke tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ba a gani da ido. Jini na raguwa sai kasala ta biyo baya, sai jiri, sai haki, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ban ce shi ke damun Mma ba. Ba a gane ciwo ta wasiƙa, kuma duk wanda ya ce miki ya gane daga nesa kada ki saurare shi. Amma ki tambayi kanki: likitan ya san tana sha? Ina kyautata zaton bai sani ba, domin mutanenmu ba sa lissafa abin da suka saya a kemis cikin magani. In an ce wane magani kike sha, sai su faɗi na asibiti su yi shiru. Wannan ƙwayar kuma ba ciki kaɗai take taɓawa ba, tana gajiyar da ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama lallaɓa ta ake yi. Ta dakata da ita daga yau. In gwiwa ta matsa, paracetamol bisa ƙa'idar da ke jikin kwali zai riƙe ta kafin a gan ta.

Gobe da safe ki zaunar da ita a tsakar gida inda haske yake, ki sa yatsa ki ja fatar ƙasan idonta a hankali. Cikin wurin ya kamata ya kasance ja sosai. In kin ga ya koɗe ya yi fari-fari, ki buɗe tafin hannunta ki ɗora kusa da naki ki gwada launin. Wannan ba gwaji ba ne, amma abu ne da za ki iya cewa kin gani da idonki, likita kuma zai duba a cikin daƙiƙa biyar ya tabbatar ko ya kore.

Gwajin da ke warware wannan ba mai wuya ba ne. Ƙidayar jini ce, wadda suke rubutawa FBC a takardar ɗakin gwaji, kuma kusan kowane asibitin gunduma yana yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye iyakar lambar ƙarfin jini, wadda ake rubutawa Hb a takardar, a 12 ga mace baliga marar juna biyu, ƙasa da haka ƙarancin jini ne. In ta fito ƙasa, to kada ki yarda a tsaya a rubuta maganin ƙarin jini kawai a sallame ku. Macen da ta riga ta daina al'ada ba ta da hanyar da jini ke fita wata-wata, saboda haka dole a tambaya ina yake tafiya. A nan ne ake duba bayan gida, a nemi ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki, in ta kama a zura na'urar leƙa ciki, wani lokaci har da ta leƙa babban hanji. Ba zan ɓoye miki ba, ciwon daji na ciki ko na hanji ma ta haka yakan fara nuna kansa, da rama da ƙarancin jini, shi ya sa likitoci da kansu ba sa ɗaga wa ramar da ba ta da dalili ƙafa a irin waɗannan shekaru. Sau da yawa abin da ake tararwa mai magani ne. Ko da mai nauyin ne, wanda aka gano da wuri da wanda aka gano a makare ba ɗaya ba ne.

Sai maganar ƙafa, inda aka fi saurin ɗora wa suga laifi, kuma sau da yawa da gaskiya. Amma akwai abin da ya kamata ki sani game da metformin. Magani ne nagari, kada ta kuskura ta bar shi. Sai dai an daɗe da gano cewa wanda ya yi shekaru yana shan sa, hanjinsa yakan rage tsotsar bitamin B12. Rashin wannan bitamin yana kawo abu biyu: ƙarancin jini, da lalacewar jijiya mai sa tafin ƙafa zafi ko ya mutu, daidai da yadda suga take yi. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka tana ba da shawarar a riƙa auna shi lokaci-lokaci ga masu shan metformin, musamman mai ƙarancin jini ko matsalar jijiya. Ana gyara shi da ƙwaya ko allura. In aka yi sake ya daɗe, jijiyar ba lallai ta dawo yadda take ba. Ki kuma lura da yadda zafin yake. Na suga yakan kama ƙafafu biyu tare, ya faro daga yatsu ya riƙa hawa a hankali cikin shekaru. In ƙafa ɗaya ce, ko ciwon daga ƙugu yake saukowa, ko ƙafar ta fara rauni tana jan ta, wannan wani zance ne daban, ki faɗa.

Sauran zan ambace su a taƙaice, domin likita ne zai zaɓi wanda ya dace bayan ya taɓa ta. Ƙoda, saboda gazawarta na kawo ƙarancin jini, kuma yawan metformin ɗin da ake bayarwa ya dogara da ƙarfinta. Zuciya, da gwajin ECG, saboda hakin. Halittar nan ta wuya da ake kira tayirod, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo: in ta yi aiki fiye da kima takan ramar da mutum, ta sa gumi da faɗuwar gaba. Sai tarin fuka, wato tibi. Mai suga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da shi ninki biyu zuwa uku, kuma a gidajenmu na zango inda ake cunkushe a ɗaki ɗaya ba baƙo ba ne. In akwai tari da ya kai mako biyu, ko gumin dare, ko zazzaɓin yamma, a gwada kaki. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati a Ghana.

Akwai wani abu da nake so ya zauna miki, domin wata rana za ku je a huda yatsa a ga 14 ko 16, a ce kin gani, suga ce. Jiki in yana yaƙi da wata cuta, zazzaɓin cizon sauro ne, ciwon mafitsara ne, ƙurji ne, tibi ne, yakan saki sinadaran da ke tayar da sukarin jini. Wato sugar da ta hau babu dalili, ga mutumin da bai canza abinci ba bai bar magani ba, ita kanta alama ce ta a nemi abin da ya tayar da ita. Haka kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kimanin wata uku, ƙarancin jini yana iya karkatar da sakamakonsa, haka ma sikila. In a danginku akwai ta, a gaya wa likita kafin ya karanta lambar.

To me ya sa ba su duba ba? Ba na jin mugunta ce, ko raini. Kin san yadda ranar masu suga take. An hau benci tun ƙarfe shida da cikin wofi saboda awon safe, an huda, an rubuta lamba, an ɗaura abin hawan jini an rubuta wata. Kafin Mma ta shiga ɗakin, lambobin sun riga ta shiga. Wanda ke kan kujerar, likita ne ko mataimakin likita, ya ga mutane da yawa kafin ita, wasu da yawa suna waje yunwa na cin su, idonsa na kan kwamfuta. Tambayar da aka shirya ranar don amsawa ɗaya ce: ta hau ko ta sauka, a ƙara magani ko a bar shi. Ga shi suga tana iya taɓa ido, ƙoda, jijiya, ciki, zuciya, fata, kusan ko'ina. Sai ta zama kurar gari, duk akuyar da ta ɓata ita ce, ba a ma duba ko ƙofar garke a buɗe ta kwana. Wannan ba matsalar Kumasi kaɗai ba ce. A 1998 an wallafa wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada kan tsofaffi sama da miliyan ɗaya, waɗanda gwamnati ke biya musu kuɗin magani. Aka tarar mai ɗauke da ciwo ɗaya na dindindin ba ya samun maganin wani ciwon daban yadda sauran mutane ke samu, alhali ba kuɗi ne ya hana ba. Tun a 1984 kuma wani bincike a Amurka ya nuna likita kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. In haka ne a can, ki ƙiyasta a layin da ya kai bakin ƙofa.

In an bi ta ɓarawo kuma a bi ta mabi sawu. Likita ya ce yaya jiki, me Mma take cewa? Na san amsar ba sai kin faɗa ba: da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka aka tarbiyyantar da mu duka, ba a kai ƙarar jiki gaban baƙo. Shi kuwa abin da ya ji zai rubuta. Ga harshe. Tuwi ɗin da ake ciniki da shi a kasuwar Kejetia daban, wanda za a kwatanta ciwon ciki da shi daban, Turanci kuma ba kowace uwa ba. Saboda haka ki shiga ɗakin tare da ita, amma ki nemi izininta tun daga gida. Ki ce, Mma, in mun shiga ki bar ni in fara faɗin abin da na gani, ke kuma ki gyara mini inda na yi kuskure. Akwai kuma tambayoyin da kunya ke rufewa: launin bayan gida, ko ta ga jini ta gaba bayan al'ada ta ɗauke, ko akwai ƙullutu a nono. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In nauyinki take ji, ko nauyin likita namiji, ki roƙi nas mace ta tambaye ta a keɓe ke ki fita.

Yanzu ga yadda za ku je. Kada ki jira ranar masu suga. Ku je rana daban, ku bi layin marasa lafiya na yau da kullum, a matsayin masu sabon ciwo. Jimlarki ta farko ita ce komai, kada kalmar suga ta fito a cikinta. Ki ce: Dokta, wata kaza da suka wuce mahaifiyata tana aikinta na koko da ƙosai tun asuba, yau ba ta iya tafiya daga ɗaki zuwa famfo sai ta tsaya haki, ta rame, cikinta na ciwo, kuma tana shan diclofenac kusan kullum. Bayan nan ki ce tana da suga shekara tara, ga awonta na gida. Ba ɓoyewa za ki yi ba, ɓoye wa likita ciwon suga haɗari ne. Jeri kawai kika canza, aka fara da abin da ya kawo ku.

Ki riƙe takarda ɗaya, ba littafi ba: yaushe kowane abu ya fara, me ke ƙara shi, awon suga na makonni biyu da suka wuce har da na bayan cin abinci. Likitoci sun fi jin magana in an ce da tana iya kaza yanzu ba ta iyawa, fiye da a ce jikin ne ba daɗi. Ki nemi a ɗora ta a sikeli, a kwatanta da nauyinta na bara da ke cikin katinta, domin lambar da asibitin ya rubuta da hannunsa ba a musa ta. Ki kuma tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti, na kemis, na gargajiya, har wanda wani ɗan uwa ya aiko daga waje, ki juye su a kan teburin likita.

In aka sake cewa suga ce, kada ki ce ba ita ba ce, domin nan ne gardama take farawa, kuma ba za ki ci ba. Ki yi tambaya cikin ladabi: Dokta, da a ce mace mai shekara 58 ta zo muku da wannan hakin da ramar, ba ta da suga, me za ku duba? Wannan tambayar ba rashin kunya ba ce. Likita nagari yakan ji daɗinta, domin tana mayar da shi kan abin da aka koya masa. In ya lissafa, ki ce ko za a taimaka a duba mata su. Ki ambaci ƙidayar jini da ƙoda da B12 da sunansu. In ya ga ba a bukata, ki roƙe shi ya gaya miki abin da ya gani da ya tabbatar masa suga ce, ya kuma rubuta ƙorafin a katinta, da ranar da za ku dawo in ba ta samu sauƙi ba. Abin da aka rubuta yana bin mara lafiya, wanda ya gan ta a gaba zai tarar da shi. Duk sakamakon da ya fito ki ɗauki hotonsa a waya.

In duk da haka ba a motsa ba, kina da hakki. Kundin haƙƙin marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Ghana, wanda ake liƙawa a bangon asibitoci da yawa, ya ce mara lafiya na da damar a yi masa cikakken bayani kan ciwonsa, yana kuma da damar neman ra'ayin likita na biyu. Ki nemi ganin babban likitan wurin, ko ki nemi takardar turawa zuwa ga likitan ciwon cikin jiki a babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Takardar tana da amfani, domin da katin inshorar lafiya ba a tsallaka ƙaramin asibiti a faɗa babba kai tsaye in ba gaggawa ba. Ki tabbatar katin Mma bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da *929#. Ki kuma shirya da 'yan sidi a hannu, saboda wasu gwaje-gwajen, irin B12 da leƙa ciki, ana iya cewa a biya ko a je ɗakin gwaji na waje. In kuɗin ba zai kai duka ba, ki tambayi likita wanne ya fi gaggawa. Ni dai da ƙidayar jini da ƙoda zan fara.

Jirin da ya ƙaru bayan an ƙara ƙwayar safe, shi ba zai jira duk wannan ba. Ki duba kwalin. In glibenclamide ce, ko gliclazide, ko glimepiride, to irin maganin da ke iya kayar da suga ƙasa ne, ga kuma mace da cin abincinta ya ragu. Da zarar jirin ya zo ki auna a take. In ya yi ƙasa da 4, ki dama cokalin shayi uku na sukari a ruwa ta sha, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ba ta cikin hayyacinta kada ki ɗura mata komai a baki, asibiti kawai. Ko sau ɗaya kika ga lambar ta sauka haka, ki koma da ita a duba yawan maganin cikin kwana ɗaya ko biyu. Glibenclamide musamman takan daɗe a jikin wanda ƙodarsa ta yi rauni, sugar ta sake faɗuwa bayan kun ɗauka ta wuce.

Yayanki ba maƙiyin Mma ba ne, gajiya ya yi da ganin ana zuwa ana dawowa babu canji. Ki gaya masa abin da ake nema yanzu sunan ciwon ne, kuma mai gargajiya ba shi da abin auna jini ko leƙa ciki. In ciki na tsiyayar jini, jiƙo mai ɗaci ba zai tsayar da shi ba, in ƙoda ce ta gaji yana iya ƙarasa ta. Ki ba shi aiki: ya ɗauki nauyin kuɗin gwaji, ko ya raka ku ranar. Ita kuma Mma, kada ki yi musu da tawakkalinta, shi ke riƙe da ita. Ki tuna mata hadisin da ta sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki ce mata ba gardama za a je yi ba, tambaya ce, kuma ke za ki yi, ita ta zauna da mutuncinta.

Yana yiwuwa bayan an duba duka a dawo a ce suga ce ɗin. Takan lalata jijiyar ciki ta sa abinci ya daɗe bai sauka ba, takan ƙona ƙafa, takan raunana zuciya. In haka ta kasance ba ki yi asarar komai ba, domin wannan karon an faɗa ne bayan an kore sauran, kuma kowanne daga cikinsu yana da nasa kulawar da ta wuce a ce ta kula da abinci.

Abu ɗaya kada ki yi kafin ranar. Na san da zarar an ji kalmar ƙarancin jini wani a gida zai ruga kemis ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Ki hana. Sinadarin ƙarfen da ke ciki yana baƙanta bayan gida, sai a kasa bambance shi da baƙin jini. Folic acid ɗin da ake haɗawa a ciki kuma yana iya gyara lambar jini a takarda alhali rashin B12 na ci gaba da cin jijiya a ɓoye. Ga wasu kwalaben cike suke da sukari. A ɗebi jinin tukuna, abin da za a sha likita ya rubuta bayan ya ga sakamako. In ya fito ki rubuto mini, ki gaishe da Mma da jiki.